Nei Tabera da Ramin Kunnen da Ba Ta Taɓa Gani Ba

A ƙauyensu Nei Tabera, can kudancin tsibirin Nonouti da ke tsakiyar babban teku, masu tatsar kwakwa suna riga zakara buɗe baki. Gari bai gama wayewa ba za ka ji su a ƙololuwar bishiyoyi, kowa da wuƙarsa da ƙoƙunansa, yana feƙe bakin hudar kwakwa don ta ci gaba da ɗigo da ruwan zaƙin nan, karewe, yana kuma zuba waƙa iya ƙarfin maƙogwaronsa. Nei Tabera ba ta ɗaga kai ta duba. Daga gindin murhu take gane su ɗaya bayan ɗaya. Wancan mai jan baiti kamar ana jan igiya daga rijiya, mura ce ke damunsa. Wancan da ya fara da ƙarfi ya ƙare a sanyaye, sun kwana ba sa magana da matarsa. Shi kuwa mai muryar nan da ke kama da bokitin ƙarfe ana jan sa a kan tsakuwa, wannan nata ne, Ten Uriam, mijinta. A nan Nei ake sa wa mace a gaban suna, namiji kuma Ten. Waƙa ɗaya yake yi tun kafin a ɗaura musu aure, akwai kuma wani wuri a tsakiyarta inda murya ke hawa sama, wanda har yau bai taɓa kaiwa ba.

Tun tana ƙarama Tabera take da ciwon tambaya. Ita ce yarinyar da ta farfasa katantanwar teku ɗaya bayan ɗaya da dutse, tana neman inda hayaniyar nan da ake ji in an kara ta a kunne take ɓuya a ciki. Ita ce ta taɓa tsare kan kifi a faranti, ta hana kowa ci, sai an nuna mata kunnensa. Ta tambayi malamin makaranta, ya ce ta zauna. Ta tambayi mai wa'azi a coci, ya ce akwai abubuwan da Allah ya bar wa kansa sani. Kakarta ta wajen uwa ce kawai ba ta kore ta ba. Tsohuwar ita ce ke riƙe da maganin kunne na gidansu, kuma irin wannan sani ba a yaɗa shi, a cikin jini ake miƙa shi ga mutum ɗaya. Da ta ga jikar ba za ta bar ta ta huta ba, sai ta ce, "Zo, mai bakin tsiya. Gara na ba ki, ko na samu na yi barcin rana."

Maganin ba wani dogon abu ba ne. Man kwakwa ne da aka dafa da wani ganye na bakin ruwa, a tace, a zuba a ɓawon kwakwa, a ajiye a rana ya yi ɗumi. A kwantar da yaro a cinya, a tsoma gashin kaza, a ɗiga. Tabera ta ƙara da nata: tana murza bayan kunnen da ɗan yatsa tana yi wa yaron gunaguni a hanci har ya yi laushi. Ta yi aure da wannan sana'a, ta haihu da ita, ta yi furfura da ita. Ba ta karɓar komai, amma ba a rasa kifi a gidanta, kuma idan ta shiga maneaba, babban zauren gari, akwai mai gyara mata tabarma.

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai duk tsawon shekarun nan. Ba ta taɓa ganin inda man yake zuwa ba. Sau nawa ta juya kan yaro wajen rana, ta ja kunne sama, ta ja ƙasa, ta kanne ido ɗaya. Rami ne, sai ya yi kwana, sai duhu. Takan ce wa Uriam, "Ni fa kamar mai zuba ruwa a ramin ƙaguwa nake. Ina zubawa, ban san wa ke ciki ba."

Shi kuwa sai ya ce, "To ki shiga mana ki gaishe shi."

Abin da kowa ya sani a ƙauyen, ita ma shi ta sani. Kunne yakan yi ciwo, yaro ya yi ta tsala ihu, sai wata rana kunnen ya fara zubar da ruwa, ihun ya tsaya. Sai a ce ciwo ya sami hanya ya fita, a gode wa Allah. Yaran da ke wuni a cikin tafki, daga nutso sai nutso, kunne mai ruwa a wajensu kamar majina ne. A share da gefen zane a wuce.

Kinaua jikarta ce, 'yar 'yarta. Uwar tana aikin kanti a Tarawa, babban birnin ƙasar, uban yana jirgin ruwa a wata duniya, saboda haka tun da aka yaye ta take hannun tsofaffin. Shekararta bakwai, siririya, baƙa wul saboda rana, ga iyo kamar an haife ta a ruwa. Da can baki gare ta, har Uriam yana cewa an maimaita masa Tabera ne don a hukunta shi. Bara, lokacin iskar yamma, kunnenta na dama ya yi ciwo. Aka ɗiga mai, ya fashe, ta yi barci. Ba a daɗe ba na hagu ya bi sawu. Daga nan kunnuwan suka riƙa tsayawa suna dawowa, Tabera tana ɗiga mai, yarinya ba ta kuka. A hankali kuma surutun ya ragu.

Ba wanda ya ga aibu a wannan. A nan, idan za ka ce i, gira kake ɗagawa. Babba ma haka yake yi, balle yaro a gaban manya. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya cika baki da amsa, a yi masa magana ya ɗaga gira ya sunkuyar da kai. Mata a bakin rijiya har cewa suke, "Nei Tabera, me kika ba yarinyar nan? Ta natsu kamar babbar mace. Ki sammana mu ba namu." Tabera takan ji daɗi, ta ce girma ne ya zo.

Wata safiya Uriam ya sauko daga bishiya da ƙoƙuna rataye a kafaɗa, ya zauna a bakin rumfa. Kinaua tana gefe tana cin shinkafa da gasasshen kifi. Ya leƙa tulun da ya bari jiya, ya ga ya yi ƙasa.

"Af! Ɓarawo ya shigo gidan nan. Nei Kinaua, ke kika shanye min karewe?"

Ta ɗago, ta dube shi, ta ɗaga gira.

"Kin ji ko, tsohuwa? Ko musu babu. To abincin aladen da na ajiye, shi ma ke ce?"

Gira ta sake tashi.

"Madalla da jikata! To tunda haka ne, akwai wani ƙaton ƙaguwa a bayan gida da ya aiko ni, wai yana neman mata. In ce masa kin yarda?"

Gira.

Uriam ya fashe da dariya har yana dukan cinya, Tabera ma ta dara. Sai Kinaua ta dubi wannan, ta dubi wancan, ita ma ta yi dariya.

Wannan dariyar ce ta tsaya wa Tabera a kunne. Ta zo a makare. Ba ta fito tare da maganar ba, sai da ta ga haƙoran mutane a waje sannan ta biyo baya, kamar mai amshi da bai san waƙar ba yana bin bakin na kusa da shi. Kinaua ta da, ai da tun a kan aladen ta tashi ta kama gemun tsohon.

Tabera ta daina dariya. Tsohon ciwonta ne ya motsa, na son sani. Bayan an gama ci ta zauna tana gurzar kwakwa, yarinyar tana gabanta ta ba ta baya, tana jera ƙananan duwatsu. Ta kira a hankali, "Kinaua." Shiru. Ta ƙara murya kaɗan, irin yadda ake magana a cikin gida. Shiru. Ta ɗauki murfin tukunya ta sake shi a kan dutse. Yarinyar ta waiwayo firgigit.

"To ga shi nan, tana ji," in ji Uriam daga inda yake wasa wuƙa. "Share ki take yi. Ni na koya mata, shekara nawa ina yi miki."

"Kai dai rufe min baki. Zo nan."

"Ina aiki."

"Wuƙar nan tun jiya take da kaifi. Zo ka tsaya a bayanta, ka ce mata ta zo ku fita da kwalekwale."

Duk ƙauyen an san babu abin da Kinaua take so kamar a sa ta a gaban kwalekwalen kakanta. Uriam ya taso yana murmushin wanda zai ci gardama. Ya tsaya a bayanta, taku kaɗan, ya ce, "'Yar kifina, ruwa ya cika, tashi mu je kamu."

Ta ci gaba da jera duwatsunta.

Ya sake faɗa. Ya ƙara da cewa zai bar ta ta riƙe igiyar filafilai. Ko motsi. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali, ya dubi matarsa, wuƙar tana lilo a hannunsa.

Tabera ta zagayo ta durƙusa a gaban yarinyar, ido cikin ido, ta buɗe baki sosai. "Kinaua, ba na son gira. Da baki za ki ba ni amsa. Kin ji waƙar Kakanki yau da safe?"

Yarinyar ta yi kallon mamaki, ta ce da wata murya mai ƙarfi, wadda ta fi ƙarfin wurin, "Ai Kaka ya daina waƙa."

"Ya daina? Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa. Duk sun daina. Kaka, an hana su ne?"

Uriam ya juya ya nufi wajen alade, wai zai duba igiyarsa. Ya daɗe a can.

Da ya dawo muryarsa ta sauka. "Ki ƙara mata man. Ƙila bai isa ba ne."

"Kwalba guda ta ƙare a kunnen yarinyar nan. Da mai ne, da yanzu tana jin tafiyar tururuwa."

"To ki sake ganye. Ki dafa sabo."

Tabera ta ɗauko matashin da Kinaua ke kwana a kai, ta kai hanci. Akwai wani wari da ta daɗe tana ji tana ɗora wa kifi laifi. Ta kama kan yarinyar ta juya shi wajen rana kamar yadda ta saba. Ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, rami, kwana, duhu.

"Asibiti za mu," in ji ta.

"Ke? Mai maganin kunne ta ɗauki jikarta ta kai wa nas, sa'ar 'yar cikinta? Kafin mu dawo an gama da ke a bakin rijiya."

"Su gama. Ni abin da nake son sani, ina maganar take tsayawa? Tana fita daga bakina, murfin tukunya yana shiga, sunanta ba ya shiga. Wani abu ne a ramin nan, kuma yau sai na ji ko mene ne."

Uriam ya aro babur wajen maƙwabci. Shi a gaba, Kinaua a tsakiya, Tabera a baya ta riƙe rigarsa kamar za ta yage ta. Hanya ɗaya ce a tsibirin, tafki a dama, teku tana ruri a hagu, ramuka kuwa ba a magana.

"Tsoho, a hankali! Kunne muka fito gyarawa, ba ƙashi ba."

"In kin iya ki zo ki karɓa."

Ba su bar gari ba sai da wata mata mai shanya ta ɗago hannu. "Nei Tabera, ina zuwa haka da rana tsaka?"

"Yawon amarci!" in ji Tabera, babur ya wuce.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Nas ɗin da ke riƙe da shi, Nei Borerei, 'yar tsibirin ce da ta je Tarawa ta yi karatu ta dawo. Tana ganin mai saukowa daga babur ta taso da dariya.

"Kaka Tabera! Yau ke ce a gidana? Ko kin zo karɓar kunnen da kika gyara min ne?"

"Na tuna ki sarai. Ke ce kika cije ni a cinya. Ga tabon nan, in nuna miki?"

"A rufa min asiri, ga mutane."

Da ta ji abin da ya kawo su, dariyar ta koma aiki. Ta ɗora Kinaua a kan benci, ta yagi takardar tishu, ta murɗa ta ta yi tsini kamar lagwani, ta zura a kunnen a hankali, ta bar ta ta jiƙe, ta zaro, ta sake wata. Sai da ta tara tuli kafin takarda ta fito a bushe. Sannan ta ɗauko wata 'yar tocila mai baki kamar mazurari, ta sa a kunnen, ta kanga ido. Ta daɗe. Ta koma ɗaya kunnen.

Tabera tana tsaye a kanta, numfashinta har yana kaɗa gashin nas ɗin.

"Me kike gani?"

"Bari na gama, Kaka."

"Da wannan abin ana wuce kwanar?"

"Ana wucewa."

"Har ƙarshe?"

Borerei ta ɗago ta dubi tsohuwar. Sai ta ce, "Kina son ki gani?"

"'Yar nan, tun uwarki ba ta san za ta haife ki ba nake son in gani."

"To sai kin fara ganin lafiyayye, don ki san bambanci. Ten Uriam, bismillah, zauna."

"Ni? Ni direba ne kawai."

"Zauna, tsoho," in ji Tabera. "Yau zan ga inda maganata take ɓacewa."

Nas ta saita tocilar a kunnensa, ta riƙe, ta jawo kan Tabera. Da farko gashi kawai ta gani. "Kai, wannan ai daji ne. Akwai mai shiga nan da adda?" Borerei ta ɗan karkata hannu. Sai Tabera ta hango.

A ƙarshen ramin akwai wata 'yar fata a shimfiɗe, a ɗame, mai ruwan toka da sheƙi, kamar cikin katantanwar da ta riƙa fasawa tana yarinya. Haske ya taru a gefe ɗaya yana ƙyalli. Siririya ce har kamar ana hango wani abu a bayanta.

"Ashe ƙofa ce," in ji ta a hankali. "Ashe ramin a rufe yake."

"Shi ne dodon kunne. Kamar fatar ganga yake. Magana ta zo ta doke shi, ya yi rawa, na ciki su karɓa."

"To man da nake ɗigawa fa?"

"A nan yake tsayawa, a bakin ƙofa. Ɗuminsa yana sa yaro ya ji sanyi a ransa, amma ciwon yana bayan ƙofar. Yanzu zo ki ga na Kinaua."

Ta gani. Ja ne, a kumbure, a jiƙe, kuma a tsakiyar fatar akwai huda, baƙa, kamar inda ɓera ya ci tabarma. A na dama hudar ta kusa cinye fatar duka. A na hagu ƙarama ce.

Tabera ta miƙe, ta nemi benci ta zauna. Uriam ya zata kuka za ta yi, har ya matso. Sai ya ji ta ce, "Wa ya huda?"

"Mugunya. Mura ce take hawa daga hanci ta taru a bayan fatar, ta yi ta turawa. Wannan turawar ita ce ihun da kike ji. Ranar da fatar ta yage, ruwa ya fito, zafi ya tafi."

"Mu kuma mu ce an warke."

"Haka kowa yake cewa, har uwata. Sau da yawa yakan bushe da kansa ya haɗe. Amma idan ruwa ya ƙi tsayawa, ƙofa a buɗe take. Ruwan tafki ya shiga, mai ya shiga, wurin ba ya bushewa balle ya haɗe. Ganga kuma in ta huje, kin san sauran."

"Murfin tukunya yana shiga, suna ba ya shiga."

"Haka ne."

"Zai haɗe?" Uriam ne ya yi wannan tambayar, daga bakin ƙofa.

Borerei ta ajiye tocilar. "Na hagu ina sa rai, in an kiyaye. Na dama ba zan yi muku alkawari ba. Mu fara busar da shi tukuna. In ya bushe bai haɗe ba, akwai likitocin kunne a Tarawa da ke iya yi masa faci."

Ta ba su maganin ɗigawa, ta koya wa Tabera murɗa tishu. Safe, rana, yamma: a busar, sannan a ɗiga, a danna 'yar fatar gaban kunnen don magani ya shige. Ba tsinke, ba gashin kaza, ba mai. Ba kuma shiga ruwa.

"Ba shiga ruwa?" in ji Uriam. "A tsibirin nan? Ki ce mu ɗaure ta tare da alade."

Tabera ba ta tashi ba. Tambayoyinta ba su ƙare ba. Me ya sa yara suka fi manya? Borerei ta ce hanyar da ke tsakanin hanci da kunne gajeriya ce a yaro, shi ya sa face majina yake da amfani. Hayaƙin murhu fa? Yana ƙarawa. To idan uwa ta kawo mata yaro yana riƙe da kunne yana kuka, ta ce mata me?

"In kunnen a bushe yake, jikinsa ba zafi sosai, yana ci yana wasa, ki ɗumama tsumma ki dafa masa a kai, a ba shi farasitamol daidai shekarunsa, a duba shi zuwa jibi. Da yawa suna wucewa haka. In bai sauka ba, a kawo shi. Amma in kin ga ruwa, kada ki jira. Ko zazzaɓi mai ƙarfi, ko jariri ne da bai yi wata shida ba. In kuwa bayan kunnen ya kumbura ya turo kunnen gaba, ko yaro ya sanƙare wuya, ko yana ta barci ba ya tashi sosai, wannan ko babur babu a goyo shi a taho."

"Da wanda ya cika ladabi," in ji Tabera.

"Wanne?"

"Wanda da bakinsa ba ya rufuwa, yanzu sai gira. Shi ma a kawo shi."

Borerei ta dube ta, ta ɗaga gira, sannan su biyun suka yi dariya.

A bakin ƙofa Tabera ta juyo. "Saura ɗaya. Kifi yana da kunne?"

"Kaka, wannan ba a koya mana ba."

"Ke ma? To."

Maganin bai ba su wahala ba, hannun Tabera ya saba da kunne. Ruwa ne ya ba su wahala. Da zarar tafki ya cika, yaran ƙauye suka zuba a ciki suna ihu suna tsalle daga kan kwalekwale, sai Kinaua ta tsaya a bakin yashi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Tabera ta zaunar da ita ta fara koya mata saƙar tabarma, yarinyar ta saƙa wani abu mai kama da tarkon kifi da mota ta taka. Wanka sai da ƙoƙo, kai a karkace, auduga a kunne. Rannan aka neme ta aka rasa, sai ga Uriam ya tsamo ta ruwa iya gwiwa, ya saɓo ta a kafaɗa tana shure-shure tana kiransa mugun tsoho da muryar da ta tara mutane. Bayan wannan ya riƙa ɗaukarta a kwalekwale da ruwa ya kwanta, da sharaɗin ko yatsa ta tsoma an fasa.

A bakin rijiya kuwa an yi maganar, kamar yadda ya faɗa. Matar nan mai shanya ta kawo ɗanta da kunne yana zuba, Tabera ta shinshina, ta zagaya bayansa ta yi masa raɗa, ta ce a kai shi wajen Borerei yau.

"Ikon Allah. Nei Tabera, yanzu 'yar aiken asibiti kika zama? Ina man?"

"Man yana nan, zo ki shafa a ƙafa, ga kaushi ya yi miki yawa. Ke kin taɓa ganin cikin kunne?"

"Ina zan gani?"

"To ni na gani. Zauna in ba ki labari."

Ta ɗauko ɓawon kwakwa, ta ɗaure bakinsa da ganye ta ɗame, ta ƙwanƙwasa da yatsa, ya yi ƙara. Ta huda ganyen da tsinke ta sake ƙwanƙwasawa. Matar ta tafi tana gunaguni, amma da yamma an gan ta a bayan motar kwakwa da yaron a cinya. Wasu sun daina zuwa wajen Tabera, sun koma wa wata tsohuwa a ƙauyen gaba da har yanzu take ɗigawa. Kifin da ake kawowa ya ragu. Uriam ya ce dama ya gaji da kifin sadaka, duk ƙaya ne.

Ruwan kunnen hagu ne ya fara tsayawa. Na dama ya ja lokaci, ya tsaya, ya dawo, aka sake komawa asibiti, sannan ya bushe. Duk zuwa sai Tabera ta karɓi tocila ta leƙa, har Borerei ta daina jira a roƙe ta. Da idonta ta ga hudar hagu tana tsukewa, gefe yana bin gefe, har wata rana ta nema ta rasa, sai wani ɗan tabo fari. Ta dama tana nan yadda take, a bushe dai, a buɗe. An aika wa uwar yarinyar a Tarawa ta fara bin maganar likitoci.

Wata safiya Tabera tana hura wuta, masu tatsa suna ta yi a sama. Bokitin ƙarfenta ya kama waƙarsa, yana tunkarar wurin nan da ba ya kaiwa. Sai ta ji motsi a rumfa. Kinaua ta tashi zaune a cikin gidan sauro, ta karkata kai, kunnen hagu a sama, fuska a yamutse.

"Kaka."

"Na'am."

"An bar su sun dawo da waƙar?"

Tabera ta ci gaba da fifita wuta, hayaƙi yana shiga mata ido. "An bar su."

Yarinyar ta ƙara saurarawa. A can sama Uriam ya kai wa baitin hari, muryar ta faɗo.

"Har yanzu bai iya ba," in ji Kinaua.

Da ya sauko aka faɗa masa. Ya ce yarinyar ba ta da tarbiyya, a mayar da ita asibiti a toshe. Amma ya zuba mata karewe har ya zube a ƙasa, kuma da yamma da ya hau bishiya, har ƙauyen gaba sai da suka ji shi.

Tabera dai ba ta yarda da abu sai ta gwada. Bayan an ci abinci, Kinaua ta ba ta baya tana fama da tabarmarta, sai ta lallaɓo ta tsaya ta wajen hagu, ta sassauta murya.

"Ƙaguwan nan fa ya sake aikowa. In ce masa kin yarda?"

Kinaua ba ta ko waiwayo ba.

"Ki aure shi ke," in ji ta. "Ya fi Kaka murya."